Sharhi: Natsuwar da Ke Cikin Yi wa Jama'a Hidima, Darasi Daga Rayuwar Abdul Sattar Edhi

Wannan sharhi zai duba wata tambaya da ta daɗe tana ɗaukar hankalin malaman addini da masana halayyar ɗan Adam, wato dalilin da ya sa mutanen da suka sadaukar da lokacinsu da ƙarfinsu wajen yi wa wasu hidima, ba tare da jiran sakayya daga hannun kowa ba, sukan samu wata kwanciyar rai da sanin abin da suke rayuwa dominsa, waɗanda masu tara abin duniya domin kansu kaɗai suke nema ruwa a jallo ba su samu ba. Domin kada maganar ta tsaya a nasiha zalla, za a auna ta da rayuwar mutum ɗaya da ayyukansa suke a rubuce, Abdul Sattar Edhi na ƙasar Pakistan, wanda ya rasu ranar 8 ga Yuli, 2016, yana da shekara 88, bayan ya shafe shekara 65 yana ɗaukar marasa lafiya, yana renon marayu, yana kuma suturta gawarwakin da ba su da mai su.

Ya kamata tun farko a fayyace irin hidimar da ake nufi, domin ba kowane taimako ne yake shiga wannan babi ba. Malaman tarbiyya, irin su Imam Gazali wanda ya rasu a shekarar 1111 Miladiyya, sun yi dogon bayani a kan ikhlasi, wato tsarkake niyya ta yadda aiki zai kasance domin Allah kaɗai, sun kuma nuna cewa babban abin da ke ɓata shi shi ne riya, wato yin aiki domin idon jama'a, sai kuma gori, wanda yake mayar da kyauta bashi a wuyan wanda aka bai wa. Saboda haka attajirin da yake raba buhunan shinkafa a gaban masu ɗaukar hoto, da ɗan takarar da yake haƙa rijiya ana saura wata uku zaɓe, duka suna iya amfanar da mutane, amma sun riga sun karɓi farashin abin da suka bayar, kuma farin cikinsu yana rataye ne a kan yabon da za a yi musu, ranar da yabon ya yanke shi ma sai ya yanke.

An haifi Edhi a shekarar 1928 a garin Bantva da ke yankin Gujarat na ƙasar Indiya, cikin al'ummar Memon, waɗanda Musulmi ne da suka shahara da fatauci. Tarihinsa ya nuna cewa tun yana ƙarami mahaifiyarsa takan ba shi kwabo biyu na kuɗin ƙasar idan zai tafi makaranta, ɗaya nasa, ɗaya kuma na duk mabuƙacin da ya haɗu da shi, ta yadda kyauta ta zame masa ɗabi'a kafin ya kai shekarun yin tunani a kanta. Yana da shekara 11 cutar shanyewar ɓarin jiki ta kama mahaifiyar, daga baya kuma hankalinta ya taɓu, sai jinyarta ta faɗo a kansa, shi ne mai yi mata wanka, shi ne mai ba ta abinci da sauya mata tufafi, har ta rasu yana da shekara 19. A cikin waɗannan shekaru takwas ya ga yadda mara lafiyar da ba shi da gata yake rasa inda zai dosa, ya kuma saba da ayyukan jinya waɗanda yawancin mutane suke ƙyama, kuma wannan sabo ne ya zama jarin da ya gina duk abin da ya biyo baya a kansa.

A shekarar 1947, lokacin da aka raba Indiya da Pakistan, iyalinsa suka yi hijira zuwa Karaci, birnin da kafin rabuwar mazaunansa ba su kai rabin miliyan ba, amma zuwa 1951 sun haura miliyan ɗaya saboda kwararar 'yan gudun hijira, alhali asibitoci da gidaje ba su ƙaru daidai da haka ba. Edhi ya fara da tallar yadi a kasuwa, ya kuma shiga wata ƙungiyar taimako ta 'yan'uwansa Memon, sai dai bai daɗe ba ya raba gari da ita, saboda ya ƙi yarda da tsarin fifita 'yan ƙabila a kan sauran mabuƙata. A 1951 ya buɗe ƙaramin ɗakin shan magani kyauta a tsohuwar unguwar Mithadar, inda yakan kwana a bakin ƙofa domin duk wanda ya zo cikin dare ya same shi. Da annobar murar Asiya ta shigo birnin a 1957, ya kafa tantuna, ya roƙi ɗaliban likitanci su zo su duba jama'a a matsayin 'yan sa-kai, kuma gudummawar da ta biyo bayan wannan aiki ce ta ba shi damar sayen tsohuwar motar da ya mayar ta ɗaukar marasa lafiya, wadda shi da kansa yake tuƙawa. Daga wannan mota ɗaya Gidauniyar Edhi ta kai ga mallakar motoci fiye da 1,500, har kundin bajinta na Guinness ya sanya ta a matsayin ƙungiyar motocin agaji ta 'yan sa-kai mafi girma a duniya, kuma a Pakistan lambar waya 115 ta zama abin da ake bugawa idan haɗari ya auku ko bom ya tashi.

Aikin da ya fi bayyana halin mutumin shi ne na gawarwaki. A shari'ar Musulunci wankan mamaci da sanya masa likkafani da yi masa salla da binne shi farilla ce ta kifaya, ma'ana wajibi ne da ya hau kan al'umma baki ɗaya, idan wasu suka yi ya sauka daga wuyan saura, idan kuwa kowa ya yi biris to kowa ya yi laifi. A babban birni mai tashar jiragen ruwa kamar Karaci, kullum akan samu gawar baƙo ko mabaraci ko mai shan ƙwaya a kwata ko a bakin teku, wani lokaci ta kwana da yawa har ta fara lalacewa, kuma sau da yawa hatta ma'aikatan hukuma sukan ja da baya su toshe hanci. Edhi yakan ɗauki irin waɗannan gawarwaki da hannunsa, ya yi musu wanka, ya suturta su, gidauniyarsa kuma ta tanadi ɗakin ajiye gawa da maƙabarta ta musamman inda ake binne waɗanda ba a san danginsu ba, ana ajiye bayanansu ko wata rana wani zai zo cigiya. A watan Yunin 2015, lokacin da tsananin zafi ya kashe mutane fiye da 1,000 a birnin cikin azumi, ɗakin ajiye gawa na gidauniyar ya cika ya batse, kuma ma'aikatanta ne suka binne da yawa daga cikin waɗanda ba a zo nema ba. Muhimmancin wannan misali ga tambayar da ake tattaunawa shi ne cewa mamaci ba ya godiya, ba ya jefa ƙuri'a, ba ya kuma ba da labarin wanda ya yi masa sutura, don haka mutumin da ya dawwama a kan wannan aiki shekara da shekaru dole akwai abin da yake riƙe da shi wanda ba yabon mutane ba.

Aiki na biyu ya dogara ne a kan matarsa, Bilkisu Edhi, ma'aikaciyar jinya wadda ya aura a tsakiyar shekarun 1960 bayan ta yi aiki a ɗakin shan maganinsa. Saboda yawan jariran da ake tsinta a juji da magudanan ruwa, akasarinsu mata, waɗanda talauci ko tsoron abin kunya ya sa aka yasar, ma'auratan suka ajiye ƙananan gadajen lilo na ƙarfe a ƙofar cibiyoyinsu, tare da rubutun da ke roƙon duk wanda ba zai iya riƙe jariri ba da kada ya kashe shi, ya kwantar da shi a nan ya tafi, babu mai tambayarsa suna ko dalili. Wasu masu wa'azi sun yi musu ca, suna cewa wannan zai ƙarfafa alfasha, alhali littattafan fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa ɗaukar tsintaccen yaro shi ma farilla ce ta kifaya, domin yaron bai aikata komai ba. Gidauniyar ta bayyana cewa ta ceto jarirai fiye da 20,000 ta wannan hanya, kuma a lokacin rayuwarta Bilkisu ce take tantance iyalan da suke neman a ba su riƙo, tana binciken gidansu da sana'arsu da halinsu kafin ta miƙa musu yaro. A 1986 aka bai wa miji da matar lambar yabo ta Ramon Magsaysay ta ƙasar Filifin, wadda ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin mafi daraja a nahiyar Asiya.

Abin da ya kare wannan hidima daga gurɓata shi ne tsarin da Edhi ya shimfiɗa game da kuɗi. Ya ƙi karɓar tallafin gwamnati, ya kuma ƙi duk gudummawar da ta zo da sharaɗi, ya dogara ga zakka da sadaka da fatun layya da talakawan Pakistan suke kawowa, kuma har ya tsufa yakan zauna a bakin titi yana bara a madadin marasa lafiya, leburori da masu tura kura suna tsayawa suna jefa abin da ya sawwaƙa. A watan Oktoban 2015, bayan gidauniyar ta mayar wa Indiya wata yarinya kurma 'yar addinin Hindu da ta ɓace ta tsallaka iyaka, wadda iyalin Edhi suka riƙe fiye da shekara 10 ba tare da sun raba ta da addininta ba, Firaministan Indiya Narendra Modi ya sanar da kyautar rupi miliyan 10, amma Edhi ya yi godiya ya ce ƙa'idarsa ba ta yarda ya karɓa ba. Shi kansa bai taɓa ɗaukar albashi daga gidauniyar ba, tufafinsa kala biyu ne, kuma ɗakinsa wani ɗan ƙaramin ɗaki ne mara taga a jikin ofishinsa na Mithadar.

Babu mai iya buɗe ƙirjin wani ya ga abin da ke ciki, kuma an san Edhi da kaifin harshe a kan masu kuɗi da shugabanni da malaman da yake ganin sun fifita magana a kan aiki. Duk da haka ɗabi'unsa sun nuna alamun mutumin da ransa ya kwanta a inda yake. Alama ta farko ita ce wadatar zuci, wato gamsuwa da ɗan abin da ya isa, domin wanda buƙatunsa ba su wuce riga biyu da abinci mai sauƙi ba ya kuɓuta daga fargabar asara da hassadar na gaba da shi, waɗanda su ne suke cinye barcin mai tarawa. Ta biyu ita ce rashin ruɗani game da abin da za a yi da wayewar gari, domin wanda ya ɗaure kansa ga wata buƙata da ba ta ƙarewa, kamar mara lafiya da za a kai asibiti ko jaririn da za a shayar, ba ya zama yana tambayar kansa amfanin rayuwarsa, aikin ne yake ba shi amsa kowace safiya. Ga kuma amanar da jama'a suka ba shi, har mutane suna kawo masa kuɗi da zinare ajiya sun fi amincewa da shi a kan banki, kuma Hausawa sun ce alheri gadon barci ne.

Binciken masana halayyar ɗan Adam ya zo da abin da ya yi daidai da wannan, gwargwadon iyakarsa. A shekarar 2008 Elizabeth Dunn da Lara Aknin da Michael Norton suka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a wata jami'a a Kanada, inda aka bai wa mutane dala 5 ko dala 20 da safe, aka umurci wasu su kashe wa kansu, wasu kuma su kashe wa wani, da yamma aka tarar waɗanda suka kashe wa wasu sun fi bayyana farin ciki, kuma yawan kuɗin bai kawo wani bambanci ba. A 2013 wani nazari da ya duba bayanai daga ƙasashe 136 ya samu irin wannan alaƙa tsakanin bayarwa da jin daɗin rai a mafi yawansu, masu arziki da matalauta. Sai dai irin wannan gwaji yana auna yanayin zuciya na yini ɗaya ne, abin da ya fi kusa da rayuwar Edhi shi ne ra'ayin Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya wanda ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya kuma bayyana a littafin da ya wallafa a 1946 cewa fursunonin da suke da wani mutum ko wani aiki da ke jiransu sun fi jure wahala. A ganinsa farin ciki abu ne da ke biyo bayan miƙa kai ga wani abin da ya fi mutum girma, kuma wanda ya sa shi a gaba yana bin sa kai tsaye yakan rasa shi.

A nan mai tunani zai iya kawo ƙalubale, ya ce idan har hidima tana haifar da natsuwa, ashe mai yin ta kansa yake yi wa aiki, kuma batun sadaukarwa ya faɗi. Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin niyya da sakamako. Wanda ya shiga aikin agaji domin ya ji daɗi zai ɗore ne muddin daɗin yana nan, kuma ba zai kai ga gawa ta biyu ba, domin a cikin wannan aiki akwai wari da gajiya da butulci da zagi. Wanda ya shiga domin buƙatar tana nan kuma babu mai biya, shi ne yake tsayawa har ya wuce matakin ƙyama, sannan natsuwar ta same shi a matsayin ribar da bai yi ciniki a kanta ba. Ma'aunin da zai raba su shi ne halin mutum ranar da aka manta da gode masa, ko aka jingina aikinsa ga wani.

Adalci ya wajabta a ambaci tsadar wannan hanya da iyakarta. A watan Oktoban 2014 'yan fashi suka shiga ofishin Mithadar, Edhi yana da shekara 86, suka kwashe kuɗi da zinaren da mutane suka ba shi ajiya, abin da ya nuna cewa alheri ba ya hana a cuci mai shi. Iyalinsa sun rayu cikin ƙunci da rashin hutu irin wanda ba kowane gida zai iya ɗauka ba, kuma shari'a ba ta yarda magidanci ya tozarta haƙƙin matarsa da 'ya'yansa da sunan taimakon na waje ba, abin da ya sa tafiyar Edhi ta yiwu shi ne matarsa ta zaɓi hanyar da kanta ta kuma zama rabin aikin. Haka kuma masu sharhi a Pakistan sun sha nuna cewa girman gidauniyar shaida ce ta gazawar hukuma, domin ƙasar da 'yan sa-kai ne suke ɗaukar waɗanda haɗari ya rutsa da su ta bar wani nauyi da haraji ya ɗora mata. Yabon masu sadaukarwa bai kamata ya zama mafaka ga shugabannin da suka yi sakaci ba.

Tun 2013 ƙodar Edhi ta gaza, ya koma rayuwa da wankin ƙoda, kuma da aka yi masa tayin fita waje neman magani a 2016 ya ce a asibitin ƙasarsa zai tsaya. Ya yi wasiyya a ba da sassan jikinsa, aka dasa wa makafi biyu tantanin idanunsa, aka yi masa jana'izar ƙasa a babban filin wasa na Karaci, aka kuma binne shi a kabarin da ya tanada tun shekaru da yawa a Ƙauyen Edhi da ke bayan birnin. Bilkisu ta ci gaba da kula da jarirai har rasuwarta a watan Afrilun 2022, ɗansu Faisal Edhi kuma yake jagorantar gidauniyar, motocin suna nan suna aiki.

Hukuncin farilla ta kifaya da aikin Edhi ya sauke shi ne dai hukuncin da ake karantawa a zaurukan malamai a ƙasar Hausa, kuma hanyoyin aiki da shi ba baƙi ba ne. 'Yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala suna tsayuwa a rana wajen tsara sahu da ɗaukar wanda ya faɗi, ana tattara fatun layya duk shekara domin ayyukan al'umma, a karkara kuma har yanzu ana kiran gayya, wato aikin haɗin gwiwa na kyauta, domin nome gonar mara lafiya ko gyara hanya. Abin da rayuwar Edhi take ƙarawa a kan wannan shi ne ɗorewa da tsare amanar kuɗi da ƙin tambayar mabuƙaci ƙabilarsa ko aƙidarsa kafin a ɗauke shi. Ba a buƙatar kowa ya koma ɗaki mara taga, abin da ake buƙata shi ne mutum ya zaɓi buƙata ɗaya da ke kusa da shi, ko ba da jini a asibiti duk bayan 'yan watanni idan yana da lafiya, ko ɗaukar nauyin karatun maraya ɗaya har ya gama, ko koyon wankan gawa domin unguwa ta samu mai yi, ya sanya mata lokaci tabbatacce kamar yadda yake sanya wa kasuwarsa, ya kuma riƙe ta a shekarar da yake da nishaɗi da shekarar da ba shi da shi. Wanda ya yi haka ya sauke wa maƙwabtansa wani wajibi da ke wuyansu duka, kuma shaidar malamai da ta masana da ta rayuwar wannan bawan Allah sun haɗu a kan cewa kwanciyar rai takan biyo baya.